Albarkar Yaya Shehu

Na ji maganar da ke yawo a tsakaninku, wai shekarar da na yi ritaya ni da baffanku Shehu mun ɓata a kan gonar Wamakko. Ban san wanda ya ƙago ta ba, ko da yake ina zargin Sani, don shi tun yana ƙarami in bai san ƙarshen labari ba sai ya ɗinka masa nasa. To ku buɗe kunne. Gonar Wamakko ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Abin da ya hana baffanku taka gidan nan Juma'a bakwai a jere bai kai ɓarin goro girma ba, kuma rabin laifin nawa ne, in ma ba duka ba. Gara ku ji daga bakina tun bakin yana motsi.

Kun san mu 'ya'yan kara ne, kasuwar shanu ita ta ciyar da mu. Mahaifinmu falken shanu ne irin na da, masu kora su a ƙasa daga Sakkwato har Kurmi, wata biyu ana tafiya. Yaya Shehu ya girme ni da shekara goma, shi ya riƙe sanda ya bi shi tun kafin gemu ya fito masa. Ni kuwa aka jefa ni boko, na ƙare a malamin Turanci, shekara talatin da biyar ina yawo da jan biro a aljihu. Shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da sunana ba, sai Ticha. Tun rasuwar mahaifinmu kuma bai taɓa fashin Juma'a ba. Ana saukowa daga masallaci zai biyo nan, da ƙullin nama a hannu don bai iya zuwa hannu Rabbana ba, mu zauna a zaure mu ci tuwon dawa da miyar kuka daga kwano ɗaya. Ba wata doguwar hira muke yi ba. Zaman ne kawai, kuma ban san nauyinsa ba sai da na rasa shi.

Ritaya ba ta karɓe ni ba da farko. Mutumin da ya saba gyara wa mutane magana tun safe, a wayi gari ba wanda zai gyara wa, ai sai ya faɗa wa na kusa. Na gyara jarida, na gyara mai karanta labarai a rediyo yana can bai san ina yi ba, na tsaya a Sama Road ina nuna wa wani mai shago inda ya yi kuskure a allonsa. Da na fara gyara wa mahaifiyarku yadda take jera tukwane, sai ta aje ludayi.

"Malam, ka samu abin yi, ko ni in samu inda za ni," in ji Hajiya Kulu.

A cikin wannan hali ne Rabi ta zo hutu daga jami'a da wani wasa da ta koyo wurin ƙawayenta. Ta tara ƙannenta a tsakar gida bayan la'asar, ba allo ba kati, sai takarda ɗaya da 'yan ƙwayoyin nan masu ɗigo-ɗigo da ake jefawa a lido, waɗanda yara ke kira dayis. Ita ke jan labari, sauran kowa ya zama wani mutum a cikin labarin. Sai ta ce kun iso bakin kogi da dabbobinku, mai jirgi ya tafi, me za ku yi? Kowa ya faɗi dabararsa, a jefa dayis a ga ko ta ci. Na zauna gefe kamar ina gyaran rediyo, kunnena kuwa yana wurinsu. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce ba haka ake ƙetare kogi da dabbobi ba.

"Baba, in ka fi mu sani, ka rubuta naka mana," Rabi ta ce.

Ba'a ta yi, ni kuwa na ɗauka da gaske. Kafin ta koma makaranta ta sa ni a wani zaure na intanet, inda masu ƙirƙirar irin waɗannan wasannin labari ke haɗuwa. Ba kamfani ba ne, ba mai gida, ba yaron gida. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban, kowa da sana'arsa, akwai direban bas, akwai mai sayar da littattafai, akwai ma'aikaciyar jinya, in sun tashi aiki su rubuta ɗan wasansu a shafi biyu ko uku su saka, wasu su gwada da iyalinsu su dawo su faɗi inda ya yi daɗi da inda ya cije. Ranar farko na rubuta musu gaisuwa shafi guda. Na tambayi lafiyarsu, da iyali, da aiki, da gajiya, da ruwan sama. Rabi ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a nan kalma ɗaya ake gaisawa da ita. Amma kafin gari ya waye mutum fiye da ashirin sun amsa, kowa dalla-dalla. Wata mai suna Luiza, ma'aikaciyar jinya a Brazil, ta ce rabon da wani ya tambaye ta ya gajiya har ta manta. Tun daga ranar suka riƙa kirana Malam, ita kuma ta zama mai fara duba duk abin da na rubuta.

Zan faɗa muku gaskiya, na ji daɗin zauren nan kamar yadda ban ji daɗin wani taro ba tun ina saurayi. Mutane ne da suka ɗauki ƙaramin abu da girma, za su kwana uku suna muhawara a kan layi ɗaya, ba wanda zai zagi wani. Sun gyara mini rubutu, ni da na tsufa ina gyara na wasu, kuma abin mamaki sai na ji sanyi a raina. Na fara nawa wasan, na sa masa suna Hanyar Kurmi. Mai jan labari shi ne madugu, sauran su ne masu kora, burinsu su kai shanu Kurmi da rai. Wata uku ina zana jadawali, in dayis ya nuna ɗaya kura ce, in biyu ruwa ya cika kogi, in uku sa ya karye, haka dai. Matsalar ɗaya ce. Ni ban taɓa bin hanyar nan ba, ji kawai na yi. Wanda ya taka ta da ƙafarsa yana zuwa gidana kowace Juma'a.

Ranar da na shirya nuna masa, sai da na bari muka cinye tuwo muka wanke hannu. Na shimfiɗa takarduna a tabarma ina ta bayani kamar ina gaban aji. Yana saurare, har na ga ya ɗan murmusa da ya ji sunan Yawuri. Sai na zaro dayis guda biyu daga aljihu na watsa a gabansa. Fuskarsa ta canja nan take.

"Ticha, mi na wanga?"

"Na wasan na, Yaya. Da shi aka sanin abin da ka faruwa."

"Wagga aba caca ta."

Da na yi shiru a nan, da ba a kai ko'ina ba. Amma kun san ni. Na ce caca sai da abin da aka aza, nan kuwa ba a aza komai ba. Na kawo misali, na kawo wani, har na ce masa kalmar ma ba haka ake amfani da ita ba. Mutum mai shekara saba'in da ɗoriya, ina koya masa ma'anar caca a cikin zauren da ya saba cin tuwo. Ya bar ni na gama tsaf. Ya tashi, ya gyara hularsa, ya sa takalmi. Na biyo shi ƙofa ina cewa to ya zauna ya ba ni labarin hanyar kawai, shi ba sai ya taɓa dayis ɗin ba. Ya juyo ya dube ni, ya ce kalma ɗaya.

"Albarka."

Ya tafi. Ni kuma na dawo na zauna ina huci, na ce a raina to shi ke nan, ya ƙi, ya rufe ƙofa.

Juma'a ta zagayo bai zo ba. Ta biyu ma haka. Nama dai bai fasa aikowa ba, mahaifiyarku kuma ba ta fasa aika masa tuwonsa ba, kwano ya dawo a wanke da gaisuwa gare ta ita kaɗai. A masallaci mu gaisa hannu da hannu kamar maƙwabta, kowa ya kama hanyarsa. Ni kuwa ina nan ina tara hujjoji. Na tambayi wannan, na karanta wancan, na gano malamai sun yi magana a kan wasa da irin wannan abu kuma da yawansu ba su sassauta ba, amma sai na riƙa tsintar abin da ya yi mini daɗi ina barin saura. Ranar Juma'a ta biyar Hajiya Kulu ta kawo mini tuwo a ƙaramin kwano, ta tsaya a kaina.

"Malam, kai gardama kaka son ci, shi ko tuwo yab bar ci. Wanne na babba?"

Tuwon nan bai shiga ba. Zauren ya yi mini faɗi. Na gane cewa in aka ci gaba haka, wata rana za a zo a ce mini Yaya ba shi da lafiya, in je in tarar da abin da ba ya gyaruwa. Da safe na rubuta wa mutanen zauren intanet cewa zan bar wasan, na gode musu, na gaya musu dalili ba tare da na ƙawata kaina ba. Na zaci za su ce yayana bai waye ba. Ko mutum ɗaya bai faɗi haka ba. Wani ya ce akwai wasanni da yawa da ba sa amfani da dayis. Luiza kuma ta yi mini tambaya guda. Ta ce, Malam, a wurinku in mutum biyu suna son abu ya yanke, kuma ba wanda ke da iko a kan wani, yaya suke yi?

Ai ciniki. Ina zaune amsar tana gidanmu tun kafin a haife ni. Mai saye ya taya, in tayin bai kai ba mai kaya ya ce albarka, mai saye ya ƙara, har a kai inda mai kaya zai ce na sallama. Na tattara jadawalin wata uku na ba mahaifiyarku ta hura wuta da shi, kuma kada wanda ya ce muku bai yi mini ciwo ba. Dayis na mayar wa Rabi. Na sake gina wasan a kan ciniki, amma ba na kuɗi ba. In mai kora yana son ya ƙetare kogi, sai ya taya da abin da zai iya rasawa, ya ce na ba da kwana biyu na tafiya. Madugu ya ce albarka. Ya ƙara, ya ce da takalmana. Albarka. Ya ce da amincin da ke tsakanina da abokin tafiyata, don zan bar shi a baya da raunanan shanu. A nan madugu zai ce na sallama, a ƙetare, labari kuma ya ci gaba da wannan rashin a cikinsa. Na rubuta dokokin da Turanci, na bar kalmomin nan biyu da Hausa don ba su da kamarsu, na sa fassarar kowace a gefe kamar yadda take a ƙamus.

Kwana huɗu sai ga rahoto. Luiza ta gwada da 'yan uwanta, ta ce wasan yana da daɗi amma gajere ne ƙwarai, cikin minti goma shanu sun isa Kurmi ba ko ƙwarzane. Wani a Poland ya ce shi ma haka. Na rasa gane kansa sai da na karanta yadda suka yi. Ashe sun ga na fassara albarka da sa albarka, suka ɗauka ita ce amincewa. Na sallama kuwa, tunda na rubuta musu cewa sallama ita ce ka saki mutum ya tafi, suka ɗauka ita ce kora. Mai kora na buɗe baki madugu zai ce albarka, kowa ya yi murna a wuce. Sun juya wasan kai a ƙasa, kuma da biron malamin Turanci aka juya shi. Na yi dariya har Hajiya ta leƙo. Na gyara musu, sai Luiza ta sake jefo wata. Ta ce me ya sa kuke sa wa mutum albarka alhali kuna ƙin tayinsa? Na ɗauki biro, na aje. Shekara sittin da wani abu ina jin kalmar nan, ban taɓa tambayar kaina ba.

Washegarin Juma'a ta bakwai na sa tsofaffin takalmana na nufi kara da hantsi. Rabona da wurin tun ina ɗan sakandare. Na same shi a ƙarƙashin rumfarsa, sanda a gefe, yana kallon wani bijimi da ake zagayawa da shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. Ban kawo hujja ko ɗaya ba. Na ba shi labarin mutanen da suka juya albarka, ya yi dariya har haƙoran goronsa suka bayyana, ya ce Allah Sarki, bayin Allah, da sun zo kara da an kwashe musu shanu kafin azahar. Sai na yi masa tambayar Luiza.

"Ba a ce ma mutum a'a bisa abin hannunai," in ji shi. "Ya wahala kahin shi same shi. Sai ka ce Allah shi sa mai albarka, shi riƙe abinai. In kac ce a'a, ka kore shi. In kac ce albarka, yana nan tsaye, kai ma kana nan tsaye. Magana ba ta ƙare ba."

Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

"Ni na ga mutum ya shiga zango da shanu sha biyu, caca ta cinye su, yah hito da sanda. Shi as sa ban son ganin abin ga. Amma ni ban ce maka a'a ba, Ticha. Albarka nic ce. Juma'a bakwai ina jiran ka ƙara tayi, kai ko kana can kana karatu."

Kunya ta rufe ni. Na yi wa mutanen Brazil dariya don sun ɗauki albarka a matsayin e, ashe ni ɗan kara na ɗauke ta a matsayin a'a, kuskurena ma ya fi nasu muni. Na gyara zama na ce to, bari in taya.

"Na hidda dayis, Yaya. Ko ɗaya babu."

"Albarka."

"Kai za ka zama madugu."

"Albarka."

Na duba me ya rage mini. Sai na tuna fuskarsa ranar da nake masa darasi a zaure.

"In kana magana ba ni gyara maka. Ko kalma guda."

Ya daɗe yana kallona, don ya san wannan shi ne bijimin da ya fi tsada a garkena.

"Na sallama," ya ce.

Juma'ar da ta biyo, takalmansa suna ƙofar zaure kafin in dawo daga masallaci. Mahaifiyarku ta dawo da babban kwano, man shanun da ta zuba kuma ya fi na kullum. Bayan mun ci aka kira ku, waɗanda ke gida a lokacin za su tuna. Ya riƙe madugu kamar don shi aka yi abin. Ya kai ku zangon da ruwansa ke da ɗaci, ya nuna muku yadda ake sa tsohuwar saniya gaba in za a shiga kogi don sauran su bi ta, abubuwan da ko ni ban taɓa ji ba. Sani ya taya masa takalma, ya ce albarka, wa zai ba ka kogi da takalmi. Sau biyu ya kira wani gari da sunan da na san ba haka yake a taswira ba, na cije harshena har na ji gishiri. Da muka saka sabon wasan a zauren intanet na rubuta sunansa sama da nawa, kuma bayaninsa a kan albarka shi ne shafin farko. Har yau akan samu wanda zai rubuto daga wata ƙasa ya ce sun kai shanu Kurmi amma sun rasa abota a hanya, ko ya ce 'yarsa ta fara ce masa albarka in ya ce ta je ta kwanta. Ina cikin zauren har gobe, ina duba wasannin sababbin shiga, kuma na koyi fara faɗin abin da ya yi kyau.

Shekara huɗu muka yi a haka. Da ciwonsa ya yi nauyi ya kasa zuwa, sai ni na riƙa ɗaukar kwanon ina kai masa. Juma'ar ƙarshe na same shi kwance bayan la'asar, idonsa a rufe, bai iya cin komai ba. Na yi abin da ake yi, na matsa kusa na ce Yaya, ka yafe mini duk abin da na yi maka. Leɓensa ya motsa.

"Albarka."

Wannan karon ban tashi ba. Na ce to me zan ƙara, Yaya?

"Zamna dai."

Na zauna. Ban yi magana ba, ban gyara komai ba, na riƙe hannunsa har inuwar katanga ta kai bakin ƙofa. Can ya ɗan matse yatsuna.

"Na sallama, Ticha. Tun rannan ga kara."